Kufan su Inna

Inna ce ta tasa ni gaba. Tun da ganinta ya fara raguwa take cewa sai na kai ta kufan garinsu, inda aka binne mahaifiyarta, ta yi mata addu'a kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Tana ƙarama suka tashi daga can, shekarar da rijiyarsu ta rufta. Ni kuwa a Gazawa aka haife ni, ina na san wani kufai?

Wani abokina da ke aiki a buro, wato ofis, a garin Agiye ya ciro mini tsohuwar taswira ta zamanin Nasara, duk ta yi ja, gara ta ci gefenta. Ga sunan garin ƙuru-ƙuru, ga alamar rijiya, ga kwari ya bi ta gabas. Na ɗauki hotonta a waya, har da tinƙaho nake, wai na gano hanya.

Muka hau moto, wato babur. Inna ba ruwanta da takarda, ita da itatuwa take gane gari. Tana bayana tana faɗi: a wuce tagwayen tsamiya, a bar gawo a hagu, sai kukar bakin maƙabarta. Kai! Ko kututture babu. Gero ne ko'ina, gona ta haɗe da gona, kwarin ma rairayi ya cike shi. Na juya waya sama, na juya ƙasa, raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga.

Muka iske wani dattijo yana noma. Na ce, "Baba, ina maƙabartar kufan nan take?"

Ya ce, "Ɗana, garma takan tono tsingaron tukwanen da ake rufe kabari da su, daga nan har can." Ya zagaya da hannu, kusan gonar duka. "Amma ban san kabarin kowa ba."

Inna ta tuɓe takalmi. Ta ɗan shiga cikin geron, sai ta tsaya cak. Na ce, "Inna, ki matso mana, rana ta yi zafi."

Ta ce, "In taka ina? In tana ƙarƙashina fa?"

Nan ta yi addu'arta a tsaye, hawaye na zuba. Da ta shafa, ta miƙo hannu ta ce in goya ta in fitar da ita. Na goya ta, wallahi ba ta da nauyi ko kaɗan. Sai ni ma na tsaya ina duban ƙasa, na rasa inda zan sa ƙafa.