Ɗakin da Muka Yi wa Buki

Duk baƙon da ya shigo likitarmu, wato asibitinmu na nan Gure, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne wata rumfa marar rufi, ginshiƙan ƙarfe tsaye cikin rairayi, awaki na sosa jiki da su. Wasu sukan tambaya me ya hana a gyara. Nakan ce musu iska ce ta kwashe rufin. Labarin ya fi haka tsawo, kuma ba a tsaye ake ba da shi ba.

Ni unguwar zoma ce, kuma a ƙarƙashin waccan rumfa na yi yawancin aikina. Nan ake awon yara, nan ake awon ciki. An kewaye kusurwa ɗaya da labule, a bayansa gadon awo yake. Labulen ido kawai yake tarewa. In na tambayi mace yaushe rabonta da ganin al'ada, ta can ƙarshen benci ma ta ji amsar. Ga shi kuma ba a barin ƙaramar mace ta zo awo ita kaɗai, sai an haɗo ta da 'yar rakiya daga gidan miji, wadda za ta tsaya a bakin labule tana riƙe mata mayafi. Na ga tabo iri-iri a bayan labulen nan. Na kuma ji bayani iri ɗaya har na haddace: faɗuwa na yi a bakin rijiya.

Wata shekara sai aka ce mana an samu tallafi. Wata gidauniya ce ta masu hannu da shuni a can ƙasashen waje ta ware dukiya don lafiyar matan da ke nesa da manyan asibitoci, da kuma hana dukan mata a gidajen aure. Mu dai furoje muke ce wa abin. Za a gina ɗaki inda mace za ta faɗi damuwarta ba mai ji. Za a sa masa ma'aikaciya da aka koya wa sauraro. Za a ba da mota ta kai duk wadda jikinta ya yi tsanani babban asibitin Damagaram, 'yar gari ce ko 'yar ƙauye, ba sai ta sayar da akuyarta ba. Wallahi ranar da na ji haka sai da na yi hawaye, don na san matan da wannan mota za ta tsamo daga bakin kabari.

Masu ba da tallafin suka ce a yi wa ɗakin ƙofarsa ta daban, kada mace ta ratsa taron jama'a kafin ta kai gare shi. Niyya ce mai kyau. Magina suka duba fili, suka ga inda ya fi sarari shi ne jikin katangar da ke bakin titi, suka fitar da ƙofar ta can. Suka yi masa falo da ɗan ƙaramin ɗaki a ciki, aka shafa shuɗin fenti.

Sauran kuwa namu ne. A garinmu ba a karɓar kyauta a ɓoye. Wanda aka yi wa alheri ya yi shiru, butulu ne, kuma ba mu so a ce mutanen Gure butulai ne. Saboda haka aka shirya buki. Aka jera kujeru, aka gayyato manyan gari, makaɗa suka zo, mu ma'aikata muka ɗinka anko. Don kada wani ya ce bai ji ba, aka sa sanƙira ya zaga kasuwa da unguwanni yana shela: duk macen da mijinta ya daka, ga ɗaki an buɗe mata a likita, ƙofarsa shuɗiya, ta zo ta faɗa. Mata suka yi guɗa, baƙi suka ɗauki hoto, kowa ya watse yana cewa an fita kunya.

Kafin mako ya zagayo ɗakin ya sami suna. Kotun mata ake ce masa. Kuma daidai gaban shuɗiyar ƙofar, a tsallaken titi, akwai wata bishiyar bedi inda 'yan kabu-kabu ke jingine baburansu suna jiran masu fitowa daga likita. Nan fadarsu take, nan suke dafa shayi tun safe har rana ta faɗi. Ko kaza ce ta doshi ƙofar sai sun gan ta.

Yarinyar da aka kawo don aikin sauraro, 'yar Damagaram ce mai haƙuri da kamun kai. Kullum da safe za ta share ɗakin, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ruwan sanyi a randa, ta zauna. Kullum da yamma za ta rufe ta tafi. Rani ya wuce a haka, bazara ta shigo. In na leƙa ta sai ta yi murmushi ta ce, "Inna, yau ma shiru." Haushi ya riƙa cina kamar in rushe katangar da hannuna. Na yi wa majo magana, wato shugaban likitarmu, a toshe ƙofar a fasa wata ta cikin gida. Ya ce ginin furoje ne, ba a taɓa shi sai an rubuta sama an sami izini, kuma ya rubuta. Ban ga laifinsa ba, amma amsa ba ta zo ba.

A cikin wannan bazarar ce wata yarinya ta fara zuwa mini awon ciki na fari. Daga wani ƙauye na wajen Kelle aka auro ta, doguwa, mai sanyin murya, Hausarta da ɗan nauyin Barbarci. Mijinta ɗaya ne daga cikin 'yan kabu-kabun gindin bedi. Shi ke kawo ta a babur tare da ƙanwarsa, ya sauke su, ya tsallaka ya zauna wurin shayi.

Zuwanta na farko na ga kumburi a gefen fuskarta na hagu. Da ta sake zuwa na ga auduga a kunnen, ta jiƙe, tana ɗan wari. Na tambaye ta.

"Sanyi ne, Madam," in ji ƙanwar mijin daga bakin labule, tun kafin ita ta buɗe baki. "Tana kwana a waje."

Sanyi a bazarar Gure, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake! Na wanke kunnen, na ba ta magani. Ina gyara mata zane na sunkuya kamar ina sauraren cikin, na ce a hankali, "Ɗiyata, kin san shuɗiyar ƙofar can?" Ba ta amsa ba. Na ɗauka kunya ce. Sai daga baya na gane ta gefen hagu na yi mata maganar, ba ta ma ji ni ba. A zuwa na gaba na zagaya ta dama na maimaita. Ta dube ni, ta dubi labulen, ta lumshe ido. Iyakar amsar ke nan.

Cikin ya ci gaba da girma, tabo kuma yana saukowa. Daga fuska ya koma kafaɗa, daga kafaɗa ya koma haƙarƙari. Na daɗe a aikin nan, na san inda irin wannan saukowa ke ƙarewa. Tsoro nake ji ƙwarai kada wata rana a kawo mini ita a amalanke, jini ya riga ya ƙare, ita da abin cikinta. Ga ɗaki, ga mota, ga mai sauraro, duk a cikin katanga ɗaya da ita, amma hanyar shiga ta gaban mijinta ta bi.

Ruwan farko na damina ya zo ranar awo, da hantsi. Gabas ta yi ja, iska ta taso da rairayi har ba ka ganin na kusa da kai, sai muka ji tol ɗin rumfa, wato kwanon rufin, yana ƙara. Kafin mu ankara iska ta ɗaga shi gaba ɗaya ta jefa bayan katanga. Ruwa ya sauko. Ɗakunan cikin likita sun cika da marasa lafiya, mata kuwa ga goyo ga ciki. Mai sauraro ce ta fito bakin titi tana ɗaga hannu tana kira, "Ku taho nan! Ku taho nan!" Mata suka kwasa a guje ta babbar ƙofa, suka bi jikin katanga, suka dunguma cikin kotun mata. Tsohuwa da yarinya, matar malam da matar ɗan kasuwa, ba wadda ta tsaya tunanin sunan ɗakin. 'Yan shayi ma ta kansu suke yi, suna jan babura.

Washegari majo ya tsaya yana kallon rumfar, ya ce ba yadda za a yi, a kai ma'auni da gadon awo ɗakin furoje kafin a sami gyara. Aka rataye ma'aunin yara a falo. Gado kuma bai sami wuri ba sai a ɗan ɗakin ciki, inda mai sauraro ke zama. Ɗakin ƙarami ne ainun. In an sa gado, ni na tsaya, ita ta zauna a kujerarta, ko kyanwa ba ta da wurin juyawa. Kuma ƙofarsa ta katako ce, ba labule ba.

Ranar awo ta zagayo. Mata suka yi layi a shuɗiyar ƙofa a gaban idon mazan gindin bedi, ba wanda ya ɗaga kai, tunda kowa ya san awo ya koma can. Da layi ya zo kan yarinyar, ƙanwar mijin ta miƙe za ta biyo ta.

"Yi haƙuri, ki jira nan," na ce. "Kin ga wurin, ba ya ɗaukar mu."

Ta leƙa ta ga gaskiya ne, ta koma ta zauna. Na rufe ƙofa.

Yarinyar ta kwanta. Na ɗaga rigarta sai na ga shatin takalmi a gefen cikin, baƙi ƙirin, sabo. Mai sauraro ta matso da kujerarta ta dama, ta riƙe mata hannu, ba ta tambaye ta kome ba. Can sai yarinyar ta fara magana, ba da Hausa ba, da Barbarci, harshen da aka yi mata reno da shi. Ina jin harshen, don kakata da shi ta yi mini faɗa har ta rasu, ni na riƙa mayar wa mai sauraro. Ta ce tun daren jiya take ganin jini kaɗan-kaɗan. Ta ce ta ji shelar sanƙira tun tana amarya. Ta ce duk ranar da aka kawo ta awo sai ta dubi ƙofar nan, shi kuma in ya ga tana dubawa sai ya yi dariya ya ce, "Shiga mana, ina nan ina jiranki."

Ba mu ɓata lokaci ba. Na fita na gaya wa ƙanwar mijin cewa ciki yana cikin haɗari, sai Damagaram, yanzu. Ba ƙarya na yi ba. Motar furoje, wadda ta yi watanni ba ta ɗauki irin wadda aka saye ta dominta ba, ta fito. Mijin ya tsallako yana tambayar nawa za a biya, aka ce ba kome, sai ya ja da baya. Mai sauraro ta shiga motar ta zauna kusa da yarinyar. A hanya ta kira kawun yarinyar a waya, da izininta.

A Damagaram aka tsayar da jinin, aka riƙe ta har ta haihu. Mace ta samu, ƙarama amma da ranta. Kawun ya zo ya ga shatin da idonsa. Daga asibiti ya wuce da ita gida can Kelle, kuma da aka zo biko ya ce a haɗu gaban alƙali. Auren bai koma ba.

Bayan ita wasu sun yi magana a ɗan ɗakin nan, da yawa, wasu ma ban taɓa zato ba. Izinin fasa ƙofa ya zo daga baya, lokacin ba a bukatarsa. Da wata mata daga gidauniyar ta kawo ziyara ta ga ma'auni a falo, sai gabana ya faɗi, na ce za ta ce mun karkatar da gini. Ta saurari bayani har ƙarshe, sannan ta ce a bar shi yadda yake. Majo ya taɓa samun tol na gyaran rumfa, ya dube ni, na dube shi, aka rufa ɗakin ajiyar magani da shi.

Yarinyar takan zo Gure jefi-jefi, ranar kasuwa, ta biyo ta gaishe ni da ɗiyarta. Likitan kunne a Damagaram ya gaya mata mari ne ya fasa dodon kunnen, ruwa ya shiga, ciwo ya ci ciki. Ya ce da an kawo ta tun farkon abin da an ceto shi. Farkon abin kuwa shi ne watannin da ɗakin ke share, da ruwan sanyi a randa, ba kowa a ciki. Wannan yana ci mini rai har yau.

Zuwanta na ƙarshe tana zaune a kan tabarma muna hira, ɗiyar ta zagayo ta hagu tana kiran "Inna, Inna." Uwar ba ta juya ba. Ɗiyar ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta saba. Sai ta bi ta bayan uwar a hankali, ta zagayo ta dama, ta sa baki a kunnen, ta sake kira.