Jakar Babana a Kan Sikeli

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a biro ba, wato ofis, na taɓa share kwana da kwanaki a zauren gidanmu a cikin Birni ina auna jaka. Ba zinariya ce a cikinta ba. Jakar fata ce ta ratayawa, irin wadda babana yake ɗinkawa tun kafin a haife ni.

Babana baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. Tun da na yi wayo a zaure na san shi, zaune a kan buzu, fata a cinya, basilla a hannu. Yayana ne ya bi sahunsa. Ni lekol aka sa ni, makarantar boko, kuma 'ya mace ba ta zama a zauren dukawa, iyakarta ta kawo ruwa ta juya. Haka na girma da ƙanshin fata a hancina amma ko tuntun adon jaka ban iya yankawa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har yau bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

A shekarar, koperatif ɗin masu sana'ar hannu da yake ciki ta samu wata madam mai kanti a Turai. Ta ga jakunkunansa ta ce tana so, da yawa, kuma duk shekara. Sai dai da sharaɗi. Kantinta ba ya karɓar kaya sai an san abin da yin kayan ya ci wa ƙasa: ruwan da aka zubar wajen jima, rini, hayaƙi, har jirgin da zai kai su. Mutanenta ne za su yi wannan lissafi, amma ba za su iya ba sai an ba su nauyin kowane ɓangare na jakar daban, da abin da aka yi shi da shi. Fata, yadin shafi na ciki, zare, zoben tagulla, har kol ɗin da ake liƙi da shi. Kuma in an haɗa su gaba ɗaya, dole su yi daidai da nauyin jakar. Wanda bai kawo nasa ba kafin wata ya ƙare, a cire shi a sa wani.

Abin ya zo a kan gaɓa, don ciniki ya ja baya ƙwarai a lokacin, har yayana ya fara maganar ajiye basilla ya tafi arewa, can bayan hamada, neman aiki. Kowa a gida ya san wannan cinikin ne kaɗai zai zaunar da shi.

Da yake ni ce 'yar bokon gida, kuma biro ɗinmu na harkar muhalli ne, sai aka ɗora mini. Na karɓa ina hura hanci, ko da yake gaskiyar magana rabin aikina a lokacin buga takardu ne da jiran sa hannun direkta. Shugaban koperatif ya ce abu mai sauƙi ne: a ɗauki jaka ɗaya da aka gama, a warware ɗinkin, a auna kowane yanki. Na kwaso maganar yadda take na kai wa babana bayan la'asar. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Me ta yi?" ya ce.

Na ce wa.

"Jakar. Me ta yi da za a warware ta?"

A nan na san abin da duk ɗan zaure ya sani, ni ban sani ba. Dukawa ba sa warware ɗinki sai in ya ɓaci. In maigida yana so ya nuna wa wanda yake koya wa aiki cewa ya yi aikin banza, ba ya zaginsa, warwarewa yake yi a gabansa ya miƙa masa. Babana ya ce rabon da a warware masa ɗinki tun yana saurayi, kuma ubansa ne ya yi, ba wata madam ba. In sai da haka, a bar cinikin. Ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na tashi na shiga cikin gida.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin sace ɗaya in warware a biro. Mahaifiyata ta gan ni ina zagaya inda ake rataye su kamar kyanwa da kifi, ta ce in taɓa in gani, babanmu ya san jakunkunansa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Na zauna kusa da ita ina huci, tana auna gari za ta tuƙa tuwo. Ina kallon tiyar a hannunta sai dabara ta faɗo mini. Ai ba wanda yake warware tuwo don ya san garin da ya ci. Kafin a tuƙa ake aunawa.

Washegari na ari ƙaramin sikeli mai batir a wajen ƙawata da ke aiki a farmasi, kantin magani, na ɗauki hutu a biro, na roƙi babana ya ɗinka sabuwa ina zaune, duk abin da zai shiga cikinta ya fara hawa sikeli. Ya dube ni, sannan ya matsa ya ba ni gefen tabarma. Ranar ce rana ta farko da na zauna a zauren nan ba da kwanon ruwa a hannu ba.

Aikin ya fi yadda na zata. Jar fatar akuya da aka rine da karan dafi daban, baƙar da aka shafa wa kuloko daban, don rininsu ba ɗaya ba ne. Zare ba ya aunuwa bayan ya shiga, sai na auna ƙullin kafin a fara, na sake aunawa bayan an gama. Haka na yi da gwangwanin kol. Duk ɗan gefen da ya datse da wuƙa sai in tsince shi in jefa a kwano, don a cire nauyinsa daga baya. Maƙwabtansa dukawa suka samu abin yi. Wannan ya leƙo ya tambaya ko an fara sayar da jaka da kilo kamar nama, wancan ya ce a auna masa rabin kilo na maratayi. Babana ba ya cewa komai sai, "Uwata ce ta zo bincike." Na ji haushi da farko, daga baya na gane daɗin faɗin hakan yake ji.

Ni ma na ji daɗi. Ban taɓa sanin yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa in yana ɗinki ba. Ban san yakan shinshina fata ya faɗi ko daga wajen Droum akuyar ta fito ba, ko da yake ina zargin rabin wannan cika baki ne.

Aka gama jaka, ta yi kyau kamar a sa a gaba a yi ta kallo. Na ɗora ta a sikeli, na haɗa lissafina, sai ya ƙi haɗuwa. Jakar ta fi kayan da suka shiga cikinta nauyi. Ba da yawa ba, 'yan giram ne, amma ta fi. Alhali kamata ya yi ta ɗan ragu, tun da kol yana bushewa. Na sake haɗawa. Na ɗora laifi a kan iska, na sa aka rufe ƙofa. Na ɗora a kan batir, na canja. Na hau moto, wato babur, na mayar wa ƙawata sikeli ina mita, ta gwada shi a gabana, lafiyarsa lau, ta ce wataƙila kan mai aunawar ne yake son batir.

Yayana ya ce in ƙara 'yan giram ɗin a kan fata kawai, a bar kaza cikin gashinta, wa zai zo daga Turai ya duba. Na lura bai haɗa ido da ni ba da yake faɗa. Ni kuwa na kafe, ruwa ba ya tsami banza. Na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba, a sake wata jakar. Babana ya yi tsaki ya ce taurin kan nan bai san inda na samo shi ba. Mahaifiyata daga tsakar gida ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kafin a fara ta biyun na zauna na bi aikin farko a raina daki-daki, sai na tuna abu ɗaya. Da ya zo rufe gindin jakar, inda fata take haɗuwa da shafi, ya aike ni cikin gida in kawo masa ruwa. Nan ne kaɗai idona ya bar hannunsa. Don haka ranar da za a rufe gindin ta biyu na zo da shirina.

"Uwata, ɗan ruwa."

Na jawo gora daga bayana na miƙa. Ya sha kaɗan.

"Goro fa? Duba wajen innarki."

Na kwance bakin mayafi na ba shi. Ya riƙe goron ya daɗe yana kallona. Ya tambaya ko na yi azahar, na ce tun ɗazu. Sai ya fashe da dariya har yana tari, yayana kuma ya tashi ya fita yana girgiza kai.

Da dariyar ta lafa, ya sa hannu ƙarƙashin buzun da yake zaune ya zaro wani ɗan yankin fata, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Na gane shi, daga jar fatar jakar farko aka yanke shi. Ya ce sunansa iri. Duk aikin da ya gama, yakan yanki kaɗan daga fatarsa ya ajiye, ya ɗinke shi a gindin aikin da zai biyo baya, kamar yadda mai nono take barin kaɗan a ƙwarya don na gobe ya kama. Jakarsa ta farko a duniya, irin da ke cikinta daga aikin ubansa ya fito, shi ma uban daga nasa uban. Ba a taɓa tsallake aiki ɗaya ba. Ba laya ba ce, ba a karanta masa komai sai bisimilla. Ba a dai faɗa wa kowa sai wanda ya ɗauki basilla.

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini ba tun farko, ya bar ni ina faɗa da batir. Ya ce tsoro ya ji. In Turawa suka ji, ko su ce asiri ne, ko su ce ana cusa musu ragowar fata, su ce a daina sawa. Shi kuma ba zai ɗinka jakar da ba iri ba, ko da yayana zai tafi.

Na ce, "Baba, dole in rubuta. In na ɓoye, ƙarya na yi da sunanka."

Ya jujjuya yankin fatar a hannunsa. Sannan ya ce, "Rubuta. Amma in sun ce a cire, ki ce musu su nemi wani baduku." Ya miƙo mini yankin fatar. "Auna. In kin gama, ke za ki sa."

Na ɗora shi a sikeli. Nauyinsa ya zo kusan daidai da abin da ya hana ni sakat. Ya nuna mini inda ake kwantar da shi, ya riƙe hannuna na soka basilla, na yi ɗinki karkatacce kamar tafiyar ɗan akuya. Ya duba, ya ce ba laifi. Bai warware ba.

Na aika da lissafin, na rubuta irin a fili: ragowar fata daga aikin baya. Kwanakin jiran amsa ba wanda ya ci abinci da daɗi a gidanmu. Da amsar ta zo, madam ba ta ma yi dogon zance a kai ba. Mutanenta sun sa shi a cikin kayan da aka sake amfani da su maimakon a zubar, wanda a lissafinsu abin yabo ne, suka ce a fara aiki. Na karanta wa babana ina murna, shi kuwa sai ya ɓata fuska ya ce, "Shi ke nan? Ba su tambayi komai ba?" Mutumin da ya yi ta fargabar kada su tambaya, ga shi yana jin haushin ba su tambaya ba. Yayana bai sake maganar arewa ba.

Tun daga lokacin na auna abubuwa da yawa a wajen aiki, kuma abin da ya zauna mini shi ne, in lissafi ya ƙi haɗuwa, ba na saurin cike giɓin da hannuna. Sau da yawa wani ne ya ajiye abu a wurin, kuma yana da dalilinsa. Na kuma san cewa sikeli yana faɗin gaskiya, amma iyakar abin da aka tambaye shi.

Yanzu idon babana ya yi rauni, yayana ne a kan buzun, shi yana gefe yana gyara masa abin da ba ya buƙatar gyara. Jakar nan ta biyu ba ta tafi Turai ba. Babana ya ce ɗinkin gindinta bai isa a nuna wa baƙi ba, don haka ya ba ni, ita nake ratayawa zuwa biro har yau. Wani lokaci ina zaune a taro sai in sa hannu can ƙasa in laluba, in ji ɗan tudun nan ƙarƙashin shafi, raina ya yi fari.

Kwanan baya na je gida, wani baƙo ya tambayi babana 'ya'yansa nawa suka gaji sana'ar. Ina jira ya ce ɗaya. Ya nuna yayana da haɓa, sannan ya nuna ni, ya ce biyu.