Gurbin Habibu

Har gobe ban manta da ranar da aka aike ni in gaya wa Habibu cewa babu shi a ƙungiya ba. 'Yan wasa da yawa sun shigo sun fita ta hannuna tun daga lokacin, amma duk sanda kakar wasa ta ƙare muka zauna tantance masu zama da masu tafiya, wannan ranar ce take fara faɗo mini a rai. Ku da kuka fara aiki a ofishin nan kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ina mataimakin koci a wata kwaleji mai zaman kanta da ke kusa da unguwar Danau Kota. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni Kuala Lumpur daga Kano, da na gama sai sashen wasanni ya riƙe ni, saboda 'yan Najeriya sun yi yawa a ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ana buƙatar wanda ya san harshensu da halinsu. A samana akwai babban koci, Encik Razali, ɗan ƙasar ne, dattijo mai ƙarancin magana. A samansa kuma akwai shugabar sashen kula da ɗalibai. Koci ne yake zaɓen 'yan wasa. Ni nake yi musu rajista, nake bibiyar jarrabawarsu da bizarsu, kuma ni ake ba wa saƙon da ba wanda yake son kaiwa.

Wanda bai san aikin ba yana zaton in an busa tashi a wasan ƙarshe, hutu ya zo. Mu a lokacin ne namu aikin yake farawa. Ƙungiyar kwaleji ba ta riƙe mutum. Wani ya kammala karatu, wani ya faɗi jarrabawa doka ta hana shi wasa, wani iyayensa sun ce ya dawo gida. Duk shekara sai ka sake haɗa ƙungiya kusan daga tushe. A wannan shekarar kuma sai masu shirya gasar kwalejoji suka ƙara mana wani nauyi, suka ce kowace ƙungiya baƙi uku kawai za ta yi wa rajista, wato ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje. Gurbi biyu babu gardama a kansu, na mai tsaron gida ne da na wani ɗan tsakiya. Saura ɗaya, kuma kowa ya ɗauka na Habibu ne.

Habibu ɗan Zariya ne, mai tsaron baya, shi ne kyaftin ɗinmu, yana shirin shiga shekararsa ta ƙarshe a karatun injiniya. Ba shi da gudu sosai, gwiwarsa ta hagu ma tana damunsa tun kakar baya. Amma shi yake bin mutane a waya kafin atisaye har sai sun fito. Bayan wasa, ko an ci mu ko mun ci, shi yake jan kowa zuwa mamak, irin shagon abincin nan na bakin titi, ya zaunar da 'yan ƙasar da namu a tebur ɗaya, yana ta kwaɓa yarensu suna dariya. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekarar farko a nan, bai samu zuwa jana'iza ba. Ya taɓa ce mini, "Yaya Bashir, wallahi ba don filin nan ba da tuni na tattara na koma."

Gwajin sababbin 'yan wasa muka yi wata Asabar da safe a wani fili kusa da tafkin Titiwangsa. Tsarin shi ne duk ɗalibin da yake da sha'awa ya zo, a raba su gida biyu su buga, koci yana kallo. Sai ga Habibu da wani siririn saurayi a bayansa.

"Yaya, ga Anas, daga Jos yake, bai daɗe da zuwa ba. A masallacin Juma'a na tsinto shi, ya ce yana ɗan taɓawa. Ba shi da takalmi, na ara masa nawa."

Ɗan taɓawar nan da ya faɗa, kafin a tafi hutun rabin lokaci duk masu tsaron bayanmu sun gaji da bin sa. Encik Razali, wanda ba ya yabon kowa, ya matso kusa da ni ya ce, "Yaron nan ɗalibinmu ne?" Na ce eh. Habibu kuwa yana bakin fili yana tsalle yana tafi, shi bai ga abin da ke tafe ba. Ni na gani.

Ranar Litinin koci ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce gurbin da ya rage na Anas ne.

Na ce, "Koci, in ka cire Habibu ba mai tsaron baya kaɗai ka cire ba. Shi yake riƙe da yaran nan."

Ya ce, "Na sani, Bashir. Amma mai tsaron baya zan samu a cikin 'yan ƙasa, mai cin ƙwallo irin wannan ba zan samu ba. Habibu shekara ɗaya ta rage masa, ga gwiwa. Wannan kuwa yanzu ya fara. Kuma shugabar sashe ta gaya mini in muka sake ƙarewa a ƙasan tebur, za a janye mu daga gasar gaba ɗaya."

Na roƙe shi ya bari a nemi alfarma wajen masu gasa. Ya ce ya riga ya tambaya, sun ce ba zai yiwu ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Kai za ka gaya masa. Da harshenku zai fi masa sauƙi."

Bayan la'asar na kira Habibu muka haɗu a mamak ɗin da muka saba. Ruwan sama na yamma ya tsinke, ana ta jan kujeru ciki. Ya sa a kawo mana shayi da taliya, ya hau ba ni labarin yadda zai riƙa jefa wa Anas dogayen ƙwallaye daga baya. Na bar shi ya gama. Sannan na gaya masa, ban yi kwana-kwana ba.

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Can ya ce, "Wa aka ɗauka?"

Na ce, "Anas."

Ya yi wani ɗan murmushi. "To ai ya cancanta, Yaya. Ni ma da ni ne koci shi zan ɗauka."

Na ce koci ya ce ƙofa a buɗe take, ya riƙa zuwa atisaye, ya taimaka mana da sababbi.

"In zo in riƙa tsinto muku ƙwallo ke nan?" Bai faɗa da fushi ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini. Ya ɗaga wa mai abinci hannu ya ce a yi masa tapau, aka ƙulle masa taliyar a leda ko loma ɗaya bai kai ba. Ya ce, "Babu komai, Yaya," ya shiga ruwan ya tafi.

Ya zo atisaye a makonnin farko, yana tsayawa gefe hannu a aljihu. Daga baya ya daina. In na kira shi sai ya ce lafiya lau, karatu ne ya sha masa kai, ni kuma ina fama da rajistar sababbi, na karɓi maganarsa. Fili ya yi shiru. Masu makara suka yi yawa, zaman mamak ya mutu, kowa in an tashi sai ya kama gabansa.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe rajistar gasa, Anas ya shigo ofishina ya tsaya, ya ƙi zama. Ya ce wata babbar jami'a a can ɗaya ɓangaren gari ta gan shi a wasan sada zumunci da muka yi da su, sun yi masa tayin komawa can da karatunsa, har da ɗaki a cikin makaranta, kuma mahaifinsa ya amince.

"Yaya, wallahi ban san yadda zan ƙi ba. Kunyar Yaya Habibu ma nake ji, na kasa kiran sa."

Ban ga laifinsa ba. Na sa masa hannu a takardar sallama, na nufi wajen koci. Encik Razali ya ji, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Je ka nemo Habibu."

Na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Sentul, inda aka ce ya koma zama da wani abokinsa. Habibu ya buɗe mini ƙofa da gajeren wando da singileti, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ɗakin duk labule a sake da rana tsaka. A tsakar ɗaki akwai akwati a buɗe.

Na ce, "Habibu, gurbinka ya dawo. Anas ya tafi. Koci ya ce ka zo."

Ya zauna a bakin katifa. "Yaya Bashir, ai kun makara. Ba ni ma da rajistar zangon nan."

Ashe tun da ya daina zuwa fili ya daina zuwa lakca. Ga waɗanda ba su sani ba, ɗalibin waje in fashin ajinsa ya wuce kima, makaranta ba za ta tsaya masa a sabunta biza ba. Tasa ta kusa ƙarewa, mahaifinsa ya ji, ya ce ya dawo gida.

"Da safe sai in farka in rasa dalilin tashi," in ji shi. "Na san ba hujja ba ce. Amma haka abin ya zo mini."

Ni da koci muka je wajen shugabar sashe muka roƙa a duba masa. Ta saurare mu da kyau, ta kai maganar gaba, aka ce lokaci ya ƙure. Ranar da zai tafi, na riƙe masa akwati zuwa tasha. Ban zaci koci zai zo ba, sai ga shi. Ya kama hannun Habibu da hannu biyu, ya dafa nasa ƙirjin ya roƙe shi ya yafe masa.

Habibu ya ce, "Koci, aikinka ka yi."

Da gurbin nan a buɗe muka buga kakar. Ba a janye mu daga gasa ba, da ƙyar muka tsira, amma a ƙarshenta Encik Razali ya ajiye aiki. Anas yana can yana ta cin ƙwallaye, har mu ya ci. Habibu bai koma ya ƙarasa digirinsa ba, yana taya kawunsa aiki a garejin gyaran motoci a Zariya. Muna gaisawa da sallah. Bai taɓa tambaya ta labarin ƙungiya ba, ni ma ban taɓa ɗauko masa ba.

Har yau in aka tambaye ni ko koci ya yi kuskure, ba na iya cewa eh. Da abin da ya gani a fili ya yanke hukunci, kuma aikin ke nan. Ku ma za ku yi irinsa, don kowace shekara sai an cire wani. Abin da na koya shi ne, yaran nan suna nesa da gida, kuma a cikinsu akwai wanda atisayen yamma ne kaɗai yake fitar da shi daga ɗaki, ba kuma zai taɓa gaya muku ba. Don haka in an ba ku sunan wanda za a sallama, ku je ku faɗa masa ido da ido. Bayan mako guda ku sake komawa, da ƙafarku, ba ta waya ba, ku ga ko yana shiga aji. A ranar farko kowa cewa yake yi ya haƙura.