Butar da Aka Dire a Gabana

Har yau in na ji ƙarar cokali a jikin kofi bayan la'asar, sai in ga kakata zaune gaban murhun gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Karantina a Jidda. Lokacin zafi, sa'ad da gumin teku ke manna wa mutum riga a baya, da na'ana'a take dafa shayinta. In ɗan sanyin Jidda ya leƙo, sai ta jefa citta. Buta guda ce, gindinta baƙi ƙirin, kuma hannu guda ke taɓa ta.

Ita ke zubawa, ita ke miƙawa, daga babba zuwa ƙarami. Ba ta faɗa, ba ta duka. In ka yi laifi, sai ta dire butar a gabanka, ta ajiye kofi wayam, ta koma ta zauna. Wato zuba da kanka, yau ba ka da mai miƙa maka. Na ga an yi wa kawuna haka, da gemunsa da 'ya'yansa, don ya ƙi zuwa gaisuwar mutuwa gidan maƙwabcin da suka yi cacar baki. Ya zauna yana kallon buta har ta huce, sannan ya sa takalmi ya tafi gaisuwar.

Ka riƙe wannan, mai karatu. Ni karatuna bai yi nisa ba, yawancin ilimina a gindin butar nan na same shi.

Bara jikata, wadda nake kira amaryata, ta samu aiki, ta ce sai ta kai ni shan shayin la'asar irin na Turawan Ingila. Tun da aka rushe unguwarmu kowa ya kama gabansa, ba ma haɗuwa sai da dalili. Hausarta ma ta rame: tana ji, amma amsa sai da Larabci.

Wurin tsaf yake, labule mai furanni, kofuna masu hannun da yatsana ya ƙi shiga. Aka kawo faranti hawa uku kamar gidan sama. A ƙasa burodi da kokwamba, an yanke ɓawon, na ce ashe labarin haƙorana ya kai Ingila. A tsakiya wani dunƙulen burodi da ake tsagawa a shafa masa kirim. A sama kek ƙanana, loma ɗaya ɗaya. Madara a ɗan tulunta daban.

Sai ma'aikacin wurin ya zo da buta fara sol, ya dire a gabana, ya ajiye kofi wayam, ya tafi.

Na naɗe hannu. Na bi laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, kuma ka san ni, ban samu ko guda ba. Na ɗauka yarinyar nan tana riƙe da ni a zuci, shi ya sa ta kawo ni cikin mutane. Ita kuma da ta ga ban taɓa komai ba, ta ɗauka na raina hidimarta. Idonta ya ciko, ta tambaye ni ko mu tashi.

Na ce, "Amarya, me na yi miki kika sa aka dire mini buta?"

Ta ce a nan girmamawa ce, babba ake ajiye wa ya zuba yadda yake so. Sai na ba ta labarin kakata da kawu. Ashe ba wanda ya taɓa faɗa mata. Ta miƙe tsaye, ta zuba, ta ɗan rusuna, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ga shi, Kaka. Ba ka yi laifi ba."

Da Hausa ta faɗa, a karkace. Shayin ya huce, na shanye tas.

Yanzu inda murhun kakata yake fili ne fetal. Na je sau ɗaya, na kasa gane ƙofar gidanmu. Butar ma ta ɓata a wajen kwashe kaya. Sai dai duk Juma'a bayan la'asar amaryata tana zuwa, ta dafa, ta zuba, ta miƙa. Makon jiya na ce shayinta kamar ruwan wankin kofi. Ta dire butar a gabana, ta koma ta zauna.

Sai da na ba da haƙuri.