Rigar Mahaifina a Hoton Diyya

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta tashi faɗaɗa titin da ya bi ta ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in rufe fuska ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ce take hana ni. Yau dai na ce bari in sauke nauyin.

Gidanmu irin na da ne: zaure a gaba, shago ɗaya a gefensa, sai ɗakin mahaifina, sannan cikin gida. Tun kafin a haife ni akwai mutum a shagon nan, wani tela ɗan Filato, Kirista, da muke ce wa Baba tela, mahaifiyata kuma take ce masa Baban yara. Yadda aka ba mu labari, ya sauka a Kano da kan kekensa a cikin buhu yana neman rumfa, mahaifina ya buɗe masa shagon ya ce ya zauna har Allah ya hore masa nasa. Allah ya hore masa mata da 'ya'ya da gidan haya a Babban Giji, amma shagon bai taɓa barinsa ba, kuma babu ko guntuwar takarda a tsakaninsu. Shi yake ɗinka mana kayan Sallah, ranar Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa da cincin. Shi ne ma mutum na farko da ya murɗe mini kunne da na fara gudun Islamiyya.

A shekarar da aka shafa wa layinmu jan fentin alamar rusau, a shekarar mahaifina ya rasu. Mahaifiyata ta shiga takaba, kuma ita irin mutanen da ce, wata huɗu da kwana goman nan ko zaure ba ta leƙawa. Ni kuma ina Zariya ina ƙaro karatu. Ni ne babban ɗa, ni ne ɗan bokon gida, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Wata Talata na fito daga aji na kunna waya, sai na ga Baba tela ya kira ni har sau uku. Kafin in neme shi, saƙon abokina da yake da kanti a tsallaken gidanmu ya shigo. Hoto ne. Ga ƙofar gidanmu, ga ma'aikatan awo da tef ɗinsu, ga Baba tela a tsaye riƙe da allo mai lamba ana ɗaukarsa hoto a matsayin mai gida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rigar da ke jikinsa: shuɗiyar shaddar mahaifina ce, kaftanin da yake sawa ranar Juma'a. A ƙasan hoton abokina ya rubuta: "Kai kana can kana karatu, nan an gaje ku. Sunansa aka rubuta."

Jama'a, idona ya rufe. Baba ya sake kira na ƙi ɗauka, na ce wato rashin gaskiya ne yake damunsa. Ban kira mahaifiyata ba, wai don kada in ɗaga mata hankali. Gaskiyar magana ita ce so nake in gama yaƙin ni kaɗai, in shiga gida a yi mini sannu da ƙoƙari. Na zauna na zuba takardar ƙorafi shafi biyu da Turancin da ni kaina sai da na duba ƙamus, na ce wani ɗan haya ya yi sojan gona don ya cinye dukiyar marayu. Washegari daga tasha ban zarce gida ba, sai ofishin da ke kula da biyan diyyar. Aka karɓa, aka buga mini hatimi, na fito ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Na tarar da Baba a kan keke, allura a baki, mata biyu suna zaune a benci suna jiran ɗinkinsu. Ko sallama ban yi ba.

"Baba, ashe haka kake? Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har ka sa rigarsa ka tsaya a ƙofar gidansa? Shekara nawa kana cin arzikin mutumin nan? Wannan ne sakayyar?"

Na faɗi wasu maganganun da ba zan iya rubuta su a nan ba. Matan nan suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tsayar da keken, ya zare allurar daga bakinsa ya soke ta a jikin yadi, ya dube ni.

"Shiga ka gaida Hajiya tukuna, ɗana," in ji shi. "Ka sha ruwa. Ni ina nan, babu inda za ni."

Mahaifiyata tana zaune a tabarma da carbi a hannu, kuma ta ji komai, don bango ɗaya ne tsakanin shagon da tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Ka gama?" ta ce. "To ni na sa shi."

Ta ba ni labari a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Masu awo sun zo sun ce lallai sai mai gida ya fito ya riƙe allo an ɗauki hotonsa, in ba haka ba za su rubuta cewa ba a samu mai shi ba, kuma ba za su sake dawowa layin ba. "Ni in fita titi ina takaba a ɗauke ni hoto? An kira ka, an kira ka, waya a kashe. Na ce masa ta bayan ƙofa, Baban yara, ka tsaya mana. Ya ce Hajiya, wa zai yarda ni ne mai gida da wannan singiletin? Na ce ai rigar Alhaji tana wurinka, ka sa."

Ashe a satin da ciwo ya kwantar da mahaifina ya kai masa rigar a gyara aljihu, bai kuwa samu ya karɓa ba. Baba ya nemi su rubuta sunan marigayi, suka ce ba a biyan mamaci, sunan wanda ke hoto ake sawa. Mai unguwa yana tsaye aka yi, da sharaɗin duk abin da ya fito a hannun mahaifiyata za a danƙa shi.

"Ina jin sa ta bangon nan," ta ce. "Sai da ya yi kuka ya ƙoshi kafin ya iya zura rigar."

Da ƙyar na buɗe baki na gaya mata batun takardar da na kai ofis. Ta ja carbi ɗaya, biyu, sannan ta ce, "To, boko ya yi rana."

Na koma shago na tsuguna a gaban mutanen da na yi rashin kunyar a gabansu. Baba bai bar ni na kai ƙarshe ba. "Tashi, kada ka ɓata wandonka," ya ce. "Da ɗana ne ya ga hoton nan, shi ma abin da zai yi ke nan. Sai dai shi ba zai iya Turancin ba."

Shi ya yafe, amma takarda ba ta san yafiya ba. Aka ja wa fayil ɗinmu layi aka rubuta akwai rikici a kai. Har ofishin 'yan sanda aka gayyaci Baba ya wuni yana amsa tambayoyi, dattijon da ko faɗan layi ba a taɓa ji da shi ba. Maƙwabta suka karɓi nasu suna ta ƙorafi: wannan ya ce ba a lissafa rijiyarsa ba, wancan ya ce an yi wa gininsa na bulo kuɗin ginin ƙasa, wata tsohuwa tana kuka saboda bishiyar mangwaron da mijinta ya dasa. Amma dai sun samu abin tayar da katanga. Mu ko sisi.

Katafila kuwa ba ta jira kowa ba. Cikin wuni ɗaya zaure da shago suka zama tarin ƙasa, tsakar gidanmu ta koma bakin titi. Muka kafa tsofaffin kwanukan rufi muka kare, ga damina ta sauka. Duk iskar da ta taso sai kwano ya faɗi, 'yan adaidaita sahu suna wucewa suna hango mahaifiyata a bakin murhu, matar da ta ƙi fita ko zaure don kada a gan ta. Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba, kuma wannan shirun ya fi duka ciwo. Baba ya kwashe kekensa ya kai barandar gidansa a Babban Giji, masu kawo ɗinki suka watse, don ba kowa ne zai bi lungu neman tela ba.

Daga nan muka shiga zarya. Tunda hotonsa ne a fayil, duk zuwa sai da shi. Takardar rantsuwa daga kotu, takardar mai unguwa, sa hannun magada, takardar janye ƙorafin da ni na rubuta da hannuna, wannan karon da Turanci mai sauƙi. Ku dawo jibi, oga ya tafi taro, ku dawo bayan Sallah. Muna zaune a benci ɗaya ni da shi, ya ɓare gyaɗa ya miƙo mini rabi.

Ranar da aka kira mu tantancewa, jami'in ya dubi hoton ya dubi Baba. "Dattijo, mene ne naka a gidan nan?"

"Ranka ya daɗe, ko bulo ɗaya ba ni da shi. Kekena kawai, shi ma na ɗauke."

Ni kuma tsohon halin ya motsa, na fara bayani cewa an yi ƙiyasin ne da tsohon farashi, siminti ya tashi, abin da aka rubuta ba zai mayar da rabin ginin ba. Jami'in ba mugu ba ne, ya saurare ni har na gama, ya ce abin da ke takarda shi za a biya. Na ce to shi fa wannan bawan Allah da ya rasa wurin sana'arsa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce diyya ta mai gini ce.

Sai da shekara ta kusa zagayowa kuɗin suka fito, kuma kamar yadda na yi tsammani, ba za su yi zaure da katanga da shago ba, balle filin ma ya tafi. Na zauna na tsara katanga da ƙofar ƙarfe, shi ke nan. Mahaifiyata ta saurara, sannan ta nuna ɗakin mahaifina, wanda yanzu shi ne ya koma bakin titi. Ɗakin da kullum da safe take sharewa, littattafansa da buzunsa suna nan yadda ya bar su, ko mu ba ta bari mu kwana a ciki.

"A fasa masa ƙofa ta waje," ta ce. "A toshe ta ciki. Baban yara zai dawo."

Na ce Inna, ɗakin Alhaji fa? Kuma kuɗin ba za su kai ƙofar ƙarfen ba in aka yi haka.

"A sa ta langa-langa. Gwamnati ta auna bulo da kwano ta biya. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana buɗe ƙofa a gidan nan fa, wa ya auna nasa?"

Da kanta ta kwashe littattafan ta mayar ɗakinta. Ina ganinta ta naɗe buzun tana share ido da gefen mayafi, amma ba ta fasa ba.

Ranar da Baba ya dawo da kekensa, bayan an gama jera kaya, ya kira ni ya miƙo mini wani ƙunshi a takarda. Shuɗiyar shaddar ce, an wanke an goge, aljihun an gyara shi tsaf. Ya ce in gwada. Na zura, tsawon ya yi mini cif, amma kafaɗun sun zubo. Ya zagaya ni yana ja nan yana ja can, tef a wuya.

"Tsawon na rage," ya ce. "Kafaɗar na bar ta yadda take. Za ka cika ta in Allah ya yarda, kada ka yi gaggawa."

Yanzu titin ya zama tagwaye, motoci sai gudu, wanda bai san layin a da ba ba zai ce an taɓa yin zaure a wurin ba. Duk lokacin da na ji ana rigimar diyya a wata unguwa, tausayin mutanen yake kama ni, don na san abin da ake rasawa ya fi abin da tef yake aunawa, kuma na san akwai irin su Baba da sunansu ba ya shiga kowace takarda. Na kuma koyi shiga gida in gaida na gaba kafin in fara nuna ilimi.

Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, ɗansa ne a kan keken yanzu. Rigar tana nan, nakan sa ta wata Juma'ar. Rannan na bi ta ƙofar shagon da ita yana zaune a benci, ya kira ni, ya ɗora hannu a kafaɗata ya shafa ɗinkin. Na tsaya ina jiran hukunci kamar ɗan makaranta.

"Saura kaɗan," in ji shi.