Malam Justin, Wanda Muka Je Ta'aziyyarsa Yana Raye

Kullum da safe, kafin sauran ma'aikata su iso ofishin ƙungiyarmu ta taimakon juna a Azare, Malam Justin ya riga ya jingine babur ɗinsa ya kunna kwamfuta. Shi ya rubuta mana 'yar manhajar da ke tura wa mambobi saƙon tes idan an yi haihuwa ko rasuwa, har waɗanda ke Disina da Dagauda. A watan nan zai yi ritaya.

Ba zan manta wata Talata ba. Ina kasuwa saƙo ya shigo wayata cewa Allah ya yi wa Justin rasuwa. Nan take na nufi gidansa. Kafin azahar ƙofar gidansa ta cika da Musulmi da Kirista, matarsa Gloria ta suma ana yayyafa mata ruwa. Muna cikin haka sai ga shi a kan babur, ya dawo daga Zadawa wayarsa ba caji. Ya tsaya yana kallonmu, muna kallonsa. Wani dattijo sai salati yake yi.

Ashe sakatariyarmu Zulaiha ce ta kunna manhajar daga wata folda daban. Manhajar kuwa daga duk foldar da aka kunna ta, nan take laluben fayil ɗin saitinta. Sai ta ci karo da na gwaji, ta tura saƙon da ke ciki ga kowa.

Zulaiha tana kuka tana cewa a kore ta. Malam Justin ya ce mata laifin na wanda ya rubuta manhajar ne. A ranar ya gyara manhajar: ta fara gano inda take ajiye, ta ɗauki fayil ɗin da ke gefenta, in babu shi ta tsaya cak.

Shugabanmu Alhaji Abdulrahim ya tambaye shi dalilin sa sunansa a gwajin rasuwa. Ya ce, "Alhaji, na san wata rana zai iya kuɓucewa. Gara gidana ya firgita da gidan wani." Jikinmu ya yi sanyi.

Malam Justin, kai ne ka bi mambobi gida gida kana ba da haƙuri, bayan ka fara da Gloria, wadda ta fi kowa wuyar lallashi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a wannan sana'a, duk wanda zai gwada abin da zai iya taɓa mutane, ya sa sunansa a gaba.