Zubewa ko Zubarwa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Hajiya Rabi ba, ana gab da hawan Arfa. Lokacin ina tafinta a sashen mata na wani ƙaramin asibiti kusa da unguwar Jarwal a Makka. Ku sababbin shiga aikin tafinta, ga ƙa'idar wurin: in mai ciki ta zo da jini, sai likita ta tantance ko ɓari ne ko da hannu a ciki. In da hannu, rahoto ya hau sama, miji ma ya ji.

Ni kuwa aikin nan ya mai da ni sarkin zargi. Tun daga ƙofa na lura Rabi ta ƙanƙame jakarta kamar za a ƙwace. Mijinta, Alhaji Sale, yana baranda cikin harami, yana ta safa da marwa tun lokacinta bai yi ba.

Likitar 'yar Masar ce. Ta ce da ni da Larabci, "Tambaye ta, shi ya faɗo ko ita ta sauke shi?"

Na tambaya. Rabi ta ce, "Cikin ya zube."

"Hajiya, zubewa ko zubarwa? Kin sha wani abu?"

"Ƙwayar tsai da al'ada, irin ta alhazai mata."

Ban yarda ba. Me mai ciki za ta tsayar? Na rage murya na faɗa mata haka. Sai ta ce, "Yaya, haihuwata uku ta ƙarshe duk yanka ni aka yi. Likitan garinmu ya ce in na ƙara, sai dai kabari. Alhaji ya ce haihuwa ta Allah ce. Ke dai faɗa mata abin da na faɗa, ba abin da kika zata ba."

Haushinta ya kama ni, tausayinta ya fi. Na isar da batun ƙwayar da na tiyatar, don magani ba ya son ɓoyo, na ce, "Ta ce faɗowa ya yi." Likita ta dube ni, ta dubi Rabi, ta rubuta ɓari.

Har yau ban san gaskiyar ba, kuma zargin bai bar ni ba. Amma na koyi cewa tafinta bakin mutum take ara, ba a ba ta aron zuciyarsa ba.

Ina fitowa Alhaji ya tare ni. "Malama, me aka ce?"

"Ya zube, Alhaji. Sai haƙuri."

Ya ɗaga hannu wajen Harami ya ce, "Allah ya ba mu wani baɗi."

Ita ce addu'a ɗaya da aka yi a gabana a Makka na kasa cewa amin.